Tambayi Mai Gyara: Idan Firinta Ta Hana Kwamfutocin Ofis Sakat

Jama'a, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan firinta suka taru, kamar an haɗa baki. Na tsamo guda biyar, sauran ma in sun duba za su ga amsarsu a ciki.

Assalamu alaikum Malam. Ni sakatariya ce a wata makarantar kuɗi. Kwamfutoci takwas gare mu, duk suna buga takarda a firinta ɗaya da aka jona da waya a jikin rauta. Matsalar ita ce idan na buɗe Word ko Excel sai kwamfutar ta tsaya cak, wani lokaci har minti biyu, kafin ta farfaɗo. Abin ya fi tsanani idan an ɗauke wuta an tayar da janareta. Yaron da ke mana gyara ya ce a goge komai a sake loda Windows, a kuma ƙara RAM. Shugaban makaranta ya ce in tambaya tukuna. — Daga Zariya

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki gaishe min da shugaban makarantarku, ya yi dabara da ya ce a dakata. Kada a goge komai, kada a sayi komai. Kwamfutarki lafiyarta ƙalau, jira take yi.

Word da Excel ba sa shimfiɗa miki shafi a kan allo sai sun tuntuɓi firintar da aka naɗa a matsayin ta farko, su ji girman takardar da take ɗauka da iyakar inda take iya bugawa. Idan firintar ta amsa, ko lura ba za ki yi ba. Idan ba ta amsa ba, sai manhajar ta tsaya kamar mai sallama a ƙofar gidan da masu shi suka tashi, ta yi ta maimaitawa har wa'adin jiranta ya cika. Mintuna biyun da kike gani ke nan.

Gwajin ba ya cin komai. Ki shiga Settings, ki nemo Printers & scanners, ki kashe wurin da aka rubuta Let Windows manage my default printer, sannan ki naɗa Microsoft Print to PDF ta zama ta farko. Ki rufe Excel ki sake buɗewa. In ya buɗe nan take, mun kama ɓarawon.

Saura dalilin da ya sa firintar ba ta amsawa, kuma ke da kanki kin faɗe shi da kika ambaci janareta. Kowace na'ura a kan netwok tana da adireshi na lambobi, irin 192.168.1.23. Rauta ce ke rabon waɗannan lambobi ta tsarin da ake kira DHCP, kuma aro take bayarwa, ba kyauta ba. Ƙananan rautoci da yawa idan wuta ta ɗauke sukan manta wa suka ba wace lamba. Da wuta ta dawo sai wayar wani malami ta riga firinta tashi, ta karɓe lambar, firinta kuma ta samu wata. Kwamfutocinku takwas suna nan suna aika aiki tsohon adireshi.

Ki je jikin firintar ki sa ta buga shafin bayanin netwok ɗinta, yana cikin jerin abubuwan da ke kan ɗan allonta. Ki riƙe takardar a hannu ki dawo kwamfuta, ki buɗe Printer properties, ki shiga Ports, wato tashoshin da aiki ke bi zuwa firinta, ki danna Configure Port. Ki gwada lambar da ke can da ta kan takarda. Idan sun saɓa, ki gyara ta kwamfutar, aiki zai tafi yau. Amma don kada gobe a koma gidan jiya, a sa yaron ya shiga rauta ya keɓe wa firintar lamba ɗaya ta dindindin, ya ɗaure ta da lambar MAC, wato lambar shaidar da firintar ta zo da ita daga kamfani, da ke kan wannan takarda. Aikin da ya kamata ya yi ke nan tun ranar da ya jona ta.

Abu biyu kuma, tunda kina wurin. Idan kin ga sunan tashar ya fara da WSD, ki sa a ƙirƙiri sabuwa irin Standard TCP/IP Port da lambar da aka keɓe. WSD hanya ce da Windows ke bi ta gano firinta da kanta, tana da daɗi ranar farko, amma a ofis na fi amincewa da lamba tsayayyiya. Sannan a ƙasan wannan shafin na Configure Port akwai ɗan akwati, SNMP Status Enabled. Da shi Windows ke tambayar firinta ko tana raye. Wasu firintocin ba sa amsa wannan tambaya, sai Windows ta rubuta Offline alhali na'urar na nan da koren fitilarta a kunne. Idan kina ganin haka, cire alamar da ke cikin akwatin.

Kuma don Allah ki share matattun firintoci daga jerin. Na san za ki tarar da Copy 1 da Copy 2 da wata da aka sayar tun shekarar da ta wuce.

Injiniya, ni ke kula da kwamfutoci a wani kamfanin zane da gine-gine. Saba ɗaya gare mu, wato babbar kwamfutar da sauran ke dogaro da ita, mai Windows Server, a kanta fayiloli suke, da manhajar akanta, da firintoci huɗu har da babbar mai buga zane. Kwana biyun nan da zarar an fara buga takardu sai kowa ya fara kuka, fayil ba ya buɗuwa, akanta ba ya iya aiki. Na duba Task Manager na ga spoolsv.exe ya cinye kusan duk ƙarfin injin, faifan C kuma ya yi ja. In na kashe sabar na kunna sai ta yi sauƙi na ɗan lokaci. Oga ya fara maganar sayen sabuwar saba. — Daga Kaduna

Ƙanena, sabuwar saba za ta gaji wannan ciwon cikin mako guda, don ba a ƙarfe matsalar take ba.

Wannan spoolsv.exe shi ne Print Spooler, mai riƙe layin bugu. Duk aikin da aka aiko, sai ya fara rubuta shi a faifai, a cikin C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, kafin ya miƙa wa firinta. Kowane aiki fayil biyu ne: mai ƙarewa da SPL, wato ainihin abin da za a buga, da ƙarami mai ƙarewa da SHD wanda ke ɗauke da bayanin wa ya aiko da kuma inda za shi. Idan aiki ɗaya ya lalace, ko wuta ta katse shi a tsakiya, sai mai layin ya yi ta juya shi ba ya wucewa, na bayansa suna taruwa. Kashewa da kunnawa ba ya kawar da shi, domin fayil ɗin na nan kwance a faifai, da an tashi za a sake ɗauko shi.

Ka sanar da mutane cewa duk abin da ke layi zai tafi, sai sun sake aikowa. Ka buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, ka rubuta net stop spooler. Ka shiga waccan folda, kafin ka taɓa komai ka jera fayilolin bisa girma ka dube su da kyau, don a nan labarin yake. Sannan ka goge abin da ke ciki, ka bar ita foldar. Ka koma ka rubuta net start spooler.

Na ce ka dubi girmansu ne saboda a kamfani irin naku na tabbata za ka ga abin mamaki. Mutane na ganin PDF mai megabait 5 su ɗauka megabait 5 ne zai bi waya. Ba haka ba ne. Shafin A4 guda, mai launi, idan aka mayar da shi ɗigo-ɗigo a kan 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, ɗigo kusan miliyan 35 ne, kowanne bait 3, ka ga an haura megabait 100 ke nan kafin a matse shi. A3 ninki biyu. Direbobi, wato manhajojin da ke fassara wa firinta aikin, suna matsewa, gaskiya ne, amma zanen gini mai shafi 40 da hotuna a ciki yana iya kumbura ya kai gigabait. Waya mai gudun megabit 100 kuwa ba ta wuce kusan megabait 12 a daƙiƙa, don bit takwas ne bait ɗaya, kuma ta wannan waya ɗaya akanta yake jiran fayil ɗinsa. Rage ingancin bugu zuwa 300 dpi yana mayar da nauyin kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ga wasiƙa da takardar kuɗi babu idon da zai bambance. Ka mayar da shi haka a kan sabar, ta Printing Defaults, tare da baƙi da fari. Mai son launi ya zaɓa da hannunsa.

Jan da faifan C ya yi, ka leƙa shafin Advanced na kowace firinta. Akwai akwatin Keep printed documents. Idan wani ya taɓa sa masa alama, to duk abin da aka buga tun daga ranar yana nan a ajiye. Na taɓa shiga wani ofis da na tarar da takardun albashin ma'aikata na watanni jibge a wannan folda, mai ofishin bai ma san suna nan ba, shi dai ya ga faifai ya cika. Cire alamar. Bayan haka ka ɗauke foldar layin gaba ɗaya daga C zuwa wani faifan, ta Print Server Properties, shafin Advanced. Ko ta sake cika, ba za ta shaƙe Windows ba.

Sai shafin Sharing, inda aka rubuta Render print jobs on client computers. Ka tabbata da alama a kai. Ma'anarsa kowace kwamfuta ta yi wahalar sarrafa aikinta da kanta, ta aiko wa saba gamamme. In babu alamar, sabar ce ke yi wa mutum ashirin wannan aiki a lokaci guda.

Idan ka yi duk wannan spoolsv.exe bai sauka ba, to direba ne. A asali direbobin firinta a cikin shi mai layin suke gudana, saboda haka direba ɗaya marar kyau yana iya kayar da firintoci huɗu. Tun Windows 7 da Server 2008 R2 Microsoft ta kawo hanyar ware su. Buɗe printmanagement.msc, ka shiga Drivers, ka danna dama a kan kowanne, ka zaɓi Set Driver Isolation, ka sa Isolated. Daga nan kowane direba zai riƙa gudana shi kaɗai da sunan PrintIsolationHost.exe, kuma mai cin ƙarfin injin zai fito fili a Task Manager. In ka gano shi, ka sauke sabo daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar. Ka guji faifan CD da ya zo cikin kwali shekara goma da suka wuce, ka kuma guji shafukan nan masu alƙawarin sabunta duk direbobi da dannawa ɗaya. Idan na'urar na karɓar PCL 6 da PostScript, harsuna biyu da kwamfuta ke yi wa firinta magana da su, ka gwada duka biyun da fayil ɗin da ya fi ba ku wuya. Takardun ofis sun fi sauri da PCL, zane da PDF masu sarƙaƙiya kuwa sau da yawa PostScript ya fi iya su.

Don gaba, ka kunna rajistar bugu. A Event Viewer, ƙarƙashin Microsoft, Windows, PrintService, akwai Operational, a kashe take zuwa. In ka kunna, kowane aiki da ya fita za ta rubuta shi da lamba 307, da sunan mai aikowa, da girman aikin, da yawan shafi. Ranar da saba ta sake nauyi ba sai ka yi ta zagaya tebura kana tambaya ba. Amma ka yi hattara da yadda za ka kai wa oga wannan rajista, don ba za ka rasa mai buga katin biki da injin kamfani ba, kuma kai za ka ci gaba da zama da su.

Idan har oga na da kuɗin da yake son kashewa, ya ba ka wata matsakaiciyar kwamfuta ka mayar da aikin bugu kanta ita kaɗai, a raba shi da akanta. Idan kuma wannan saba ita ce ke riƙe da sunaye da kalmomin sirrin ma'aikata, to dama Microsoft ta ba da shawarar a kashe Print Spooler a kan irinta.

Malam, ina da shagon buga takardu da fotokofi kusa da jami'a. Firintar tana jone da USB a kwamfutar da nake zama, sauran biyar suna bi ta kanta. Idan ɗalibai sun cika lokacin furojet, tawa kwamfutar ba ta motsi. Ga shi kuma biyu daga ciki masu tsohuwar Windows 7 sun daina haɗuwa, suna nuna kuskure mai lamba 0x0000011b. Wani ya ce in kashe sabuntawar Windows gaba ɗaya. — Daga Kano

Alhaji, Allah ya kawo kasuwa. Kwamfutarka ta zama saba ba tare da ka nema ba: kai kana buga rubutu a kanta, ita kuma tana karɓar furojet biyar masu shafi ɗari-ɗari. Dole ta yi nauyi. Ka juya bayan firintar ka duba. Idan akwai ramin wayar netwok, ka jona ta kai tsaye da rauta ko suwic, wato akwatin da wayoyin netwok ke haɗuwa, kowace kwamfuta ta aika mata da kanta. Wannan kaɗai ya warware matsalolinka biyu, domin ita waccan lambar kuskure da kake gani a kan rabawa ta cikin Windows take fitowa.

Asalinta daga 2021 ne. A tsakiyar shekarar aka bankaɗo wata ɓaraka a Print Spooler da aka yi wa laƙabi da PrintNightmare, wadda ke ba ɗan kutse damar mallake kwamfuta ta hanyar bugu. Microsoft ta yi ta toshe ƙofofi. A watan Agusta ta sa sai mai ikon gudanarwa ne zai iya saka direba daga wata kwamfutar, a Satumba kuma ta tsaurara yadda kwamfutoci ke tantance juna wajen bugu. Daga nan wadda aka sabunta da wadda ba a sabunta ba suka daina jituwa. Windows 7 kuwa tun Janairun 2020 aka daina kula da ita, Windows 10 ma wa'adinta ya cika a 14 ga Oktoba, 2025.

Wanda ya ce ka kashe sabuntawa bai yi maka adalci ba. Shago irin naka da filas ɗin ɗalibai ke shiga da fita tun safe har dare shi ya fi kowa buƙatarta. Akwai kuma wani gyara na cikin Registry da ke yawo a intanet, yana aiki, amma ƙofar da aka toshe yake sake buɗewa. Idan firintar ba ta da ramin waya, akwai ɗan ƙaramin akwati da ake sayarwa mai USB a gefe ɗaya da ramin netwok a ɗayan. Sai dai ba kowace firinta ke yarda da shi ba, musamman ƙananan nan masu arha da kwamfuta ke yi musu duk aikin. Ka yi sharaɗi da mai shago cewa in bai yi ba za ka dawo da shi.

Barka da aiki Malam. A ofishinmu an ƙaro firinta aka ja mata waya, tun ranar intanet da komai suka yi sanyi, ko ana bugu ko ba a yi. Fitilun akwatin da wayoyi ke shiga suna ƙiftawa gaba ɗaya ba tsayawa. — Daga Maraɗi

Barka kadai, ɗan'uwa, a gaida mutanen Katsinar Maraɗi. Fitilun nan da ka ce suna ƙiftawa tare su suka ba ni amsa. Ina kyautata zaton wanda ya ja wayar ya yi zobe: ko waya ɗaya ce bakinta biyu suka koma cikin suwic ɗaya, ko suwic biyu aka haɗa da waya biyu. Ƙananan suwic ba su da wayon gane haka, sai saƙo ɗaya ya yi ta kewayawa yana ninkuwa har ya cika hanya. Ka riƙa zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya kana kallon fitilun. Wadda ka zare suka lafa, ka bi ta da hannu har ƙarshenta.

In ba zobe ba ne, ka duba ko an ba sabuwar firintar lambar da rauta ke amfani da ita, ko ta wata kwamfutar. Sannan ita wayar: kada tsawonta ya wuce mita 100, kuma kan da aka matse da hannu a gurguje yakan sa gudu ya faɗo zuwa megabit 10. Daga kowace kwamfuta ka buɗe Command Prompt ka rubuta ping, umarnin da ke auna saurin amsar na'ura, da lambar firintar, ka ƙara -t a ƙarshe, ka bar shi yana tafiya. A cikin ofis ɗaya, a kan waya, amsar bai kamata ta wuce milisakan ɗaya ko biyu ba. Idan tana tsalle ko tana ɓacewa, a sake matse kan ko a canja wayar.

Malam, duk sanda firintarmu ta fara bugu sai UPS ya yi ƙara, wani lokaci sabar ta mutu. Mun sayi sabon batir, bai hana ba. — Wata ma'aikaciyar kantin magani, Jos

Hajiya, batirin bai yi laifi ba. Ki leƙa bayan UPS ɗin, za ki tarar an soka firintar a jikinsa tare da sabar. Firinta mai hoda tana da wani sashe da ke narkar da hodar ya manna ta a takarda, zafinsa na kai wa kusan digiri 200, kuma lokacin da yake ɗaukar zafi yana fizgar wuta da ƙarfi, ɗaruruwan wat a tashi ɗaya. UPS mai 650VA, irin wanda ya cika ofisoshinmu, yawanci bai kai wat 400 ba. Da firinta ta fizga sai ya durƙushe, sabar ta bi shi, aikin da ke layi ya lalace, a wayi gari da irin matsalar mutumin Kaduna.

Ki zare firintar yau, ki ba ta soket nata daban, da sitabilaiza idan wutar unguwarku na hawa da sauka. A bar wa UPS saba da rauta da suwic kawai. Idan kuma da inbata kuke aiki, ki sa mai haɗa muku sola ya duba takardar da ke manne a bayan firintar ya ga wutar da take ja, kafin ya ce muku inbatar za ta ɗauka.